Tambayoyi da amsoshi kan manyan littattafan tarihi, shari'a da zamantakewa

Duk lokacin da aka shiga zangon rubuta furojet tambayoyin nan ne dai suke ta dawowa, daga 'yan aji huɗu har masu digiri na biyu, wani lokacin ma mutumin da ba makaranta yake ba, kawai gardama ce ta kaure a majalisa yana neman hujja. Ga amsoshin a wuri ɗaya.

Malam wai meye littafin madogara, kuma meye bambancinsa da handawut ɗin da ake bamu a aji?

Littafin madogara shine wanda ake komawa gare shi in ana neman tabbacin magana, ba lallai ka karance shi daga bango zuwa bango ba. Ƙamus yana ciki, kundin dokoki yana ciki, rahoton hukunce-hukuncen kotu, manyan littattafan fiƙihu, da littafin da wani ya share shekaru yana bincike a kan gari ɗaya ko zamani ɗaya. Alamar da zaka gane shi da ita mai sauƙi ce, ka juya ƙasan shafi ko ƙarshen littafin, zaka ga ya faɗa maka inda ya samo kowace magana, wane fayil, wane rubutun hannu, wane dattijo ya tambaya kuma a wace shekara. Handawut kuwa taƙaitawa ce ta malaminka don ka ci jarrabawa, yana da amfaninsa amma ba'a kafa hujja da shi.

Ni dai yadda nake ɗaukar irin waɗannan littattafai shine kamar shaidu a gaban alƙali. Kowanne ka tambaye shi waye kai, yaushe ka gani, da idonka ka gani ko ji kayi, kuma da wa kake ɗasawa a cikin masu rigimar. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga nan suka fito.

Ina son fara karanta tarihin ƙasar Hausa da gaske, da wanne zan fara?

Ka fara da masu faɗi kafin ka gangara cikin rami. Groundwork of Nigerian History wanda Obaro Ikime ya tace a 1980 zai baka taswirar ƙasar gaba ɗaya, sannan akwai babban tarihin Afirka na UNESCO, a mujalladi na 4 Mahdi Adamu yayi babi guda a kan Hausawa da maƙwabtansu, kuma UNESCO ta sake su kyauta a intanet don haka babu uzurin kuɗi. Daga nan sai ka zaɓi inda zuciyarka take. In Sakkwato ce, The Sokoto Caliphate na Murray Last, 1967, mutumin da ya zauna gaban Waziri Junaidu ya karanta takardun gidan waziri da larabcinsu, shi yasa har gobe littafin bai mutu ba. In Katsina ce, The Transformation of Katsina na marigayi Yusufu Bala Usman, 1981. In yaƙin basasar Kano ne tsakanin Tukurawa da Yusufawa, littafin Adamu Fika na 1978. In kuma fatauci da yaɗuwar Hausawa zuwa Gwanja da sauran wurare ne ya dame ka, The Hausa Factor in West African History na Mahdi Adamu, shima 1978, ka haɗa da Caravans of Kola na Paul Lovejoy a kan fataucin goro.

Kar ka tara su duka a tebur rana ɗaya, zaka gaji ka watsar.

Shekarun da ake kawowa na sarakunan Kano, wai Bagauda ya hau a 999, wannan tabbas ne?

Toh anan ne ake yawan tafka kuskure. Wannan lissafin ya fito ne daga littafin tarihin Kano da Turawa ke kira Kano Chronicle, asalinsa da larabci yake, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Sarkin Kano Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893. H. R. Palmer ne ya fassara shi zuwa turanci ya buga a 1908, ya sake sa shi a Sudanese Memoirs a 1928. Abin da mutane da yawa basu lura da shi ba shine rubutun larabcin yawan shekarun da kowane sarki yayi a kan gado yake bayarwa, wane yayi shekara kaza, wane yayi wata kaza, shi kuma Palmer sai ya tara su yayi ta komawa da baya har ya dira a 999. Kaga kenan in mai ba da labari ya ƙara wa sarki ɗaya shekara goma, ko aka manta da wani sarki gaba ɗaya, duk waɗanda suka gabace shi sun gusa.

Daga wajen zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ake sa wa 1463 zuwa 1499, abin yana ɗan tsayuwa da ƙafarsa saboda akwai shaida daga waje, misali zuwan Shehu Magili Kano a ƙarshen ƙarni na 15 wanda wasu littattafan da basu da alaƙa da Kano suka tabbatar. Amma can sama wajen Bagauda da Barbushe da Tsumburbura, labari ne da aka daɗe ana gado a baki kafin ya hau takarda. Su kansu masana sun yi ta muhawara a kan wanda ya rubuta shi da lokacin da ya rubuta, Murray Last da M. G. Smith da John Hunwick duk sun yi rubutu a kai, wasu suna ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka haɗa shi a fada, har ana ambaton Ɗan Rimi Malam Barka, wasu suna ganin an daɗe ana rubutawa ana ƙari. Don haka in zaka rubuta, ce "bisa lissafin Palmer", ko kace "wajen ƙarshen ƙarni na 10", kar ka kafe a kan 999 sai kace kana da takardar naɗi a hannu.

Littattafan Turawan mulkin mallaka fa? Wani malaminmu yace duk ƙarya ce a zubar da su.

Ban yarda a zubar ba, kuma ban yarda a haɗiye ba. In ka zubar da su kayi asarar abubuwan da babu wanda ya rubuta sai su. Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 ya bayyana kasuwa da rini da kayan da ake fitarwa da irin ƙididdigar da ba zaka samu a wani wuri ba, kuma shi ma kafin mulkin mallakar ya zo. Akwai kundayen larduna da aka buga wajen 1920, na Sakkwato na Arnett, na Kano na Gowers, an sake buga su a 1972, cike suke da sunayen hakimai da garuruwa da haraji. Akwai The Emirates of Northern Nigeria na Hogben da Kirk-Greene, 1966, wanda kusan duk mai rubuta tarihin masarauta sai ya leƙa ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Amma ka tuna yadda aka samo bayanan. Ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ka nemi fayil ɗin kimanta haraji na wata gunduma, za'a kawo maka shi a tsohon bango mai ruwan ƙasa, takardun sun yi laushi gefensu yana marmashewa, a sama rahoton ɗan Bature ne da aka buga da tafireta, a gefe kuma Razdan yayi sharhi da alƙalami. Wannan ɗan Baturen wataƙila 'yan makonni yayi a gundumar, yana magana ta bakin tafinta, a zauren hakimi, kuma kowa a wajen ya san abin da ya kawo shi shine a ƙirga kawuna da gonaki da shanu don a yanka haraji da jangali. Waye zai faɗi gaskiyar yawan shanunsa a irin wannan zama? Sannan tarihin garin da ya rubuta daga bakin gidan da ke kan sarauta ya ji shi, gidan da aka tuɓe babu wanda ya tambaye su.

Sai kuma matsalar tunaninsu. Palmer musamman yana da son jingina duk wani abin kirki ga baƙi farare da suka zo daga gabas ko arewa, in yaga gari da ganuwa da tsarin sarauta sai ya fara neman wane baƙo ne ya kawo. Abdullahi Smith ya rubuta maƙala a 1970 a kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa, ya nuna abin ya taso ne a hankali daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, ta hanyar noma da ƙira da kasuwa da wuraren tsafi, ba labarin zuwan mutum ɗaya ba. Tafarkin masana tarihi na jami'ar Zariya kusan a kan wannan gyaran ya ginu. In zaka ɗauko sunan gari ko adadi daga Bature ɗauko, amma in ya fara yi maka bayanin dalilin da yasa mutane suke yadda suke, nan ka riƙe aljihunka.

To na su Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello ai su babu wannan matsalar ko?

Sune tushe, babu mai rubuta tarihin jihadin 1804 ba tare da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ba, wanda ya kammala a 1812, da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo na 1813. Waɗannan mutane a filin daga suke, da idonsu suka gani. Sai dai girmamawa daban, aikin tarihi daban, su ɓangare ɗaya ne na yaƙin, Gobirawa basu bar mana nasu littafin irin wannan ba, don haka muryar Yunfa ta bakin abokan faɗansa muke jinta. Abin burgewa shine Bello da kansa ya sa wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Laminu na Barno a cikin Infaƙu, har da inda Laminun yake ƙalubalantar hujjar yaƙin, wannan kaɗai ya isa ka nemi littafin. In kana son sanin me aka rubuta da larabci a wannan yanki da inda kwafin yake, John Hunwick ya tattara su a mujalladi na 2 na Arabic Literature of Africa, 1995, suna bayan suna, littafi bayan littafi.

Ni ɗan Nijar ne, duk abin da ake lissafowa na Najeriya ne, mu fa?

Akwai, matsalar kawai yawancinsu da faransanci suke shi yasa ɗaliban Najeriya basa taɓa su, ku kuma naku ɗaliban turanci yana tare su, kowa yana karanta rabin labari. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram a ƙarni na 19, an buga a 1971. Djibo Hamani yayi a kan Adar kafin zuwan Turawa, 1975, yayi kuma a kan sarautar Abzin. Guy Nicolas ya daɗe yana bincike a kan zamantakewar ƙasar Maraɗi. Da turanci akwai A History of Niger na Finn Fuglestad, 1983. A Yamai cibiyar bincike ta IRSH tana da jerin littattafan Études Nigériennes da sashen rubuce-rubucen hannu na larabci da ajami. Kuma wallahi duk wanda zai rubuta tarihin Katsina ko Gobir bayan jihadi bai duba abin da aka rubuta a kan Maraɗi da Tsibiri ba, aikinsa da saura, don can sarakunan da aka kora suka koma suka ci gaba da sarautarsu.

Turancina ba ƙarfi, akwai na Hausa?

Akwai amma basu da yawa, gaskiya kenan. Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Hukumar Fassara ta fitar wajen 1932 zuwa 1933 yana ɗauke da fassarar tsofaffin tarihohi daga larabci har da na Kano. Akwai Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu. Don tsofaffin kalmomi na sarauta da sana'a da haraji, ƙamusun Bargery na 1934 har yau babu kamarsa, ka haɗa da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Sannan kar ka raina kundayen digiri na sassan Hausa a Zariya da Kano da Sakkwato, akwai tarihin garuruwa da sana'o'i da yawa a ciki da ba'a taɓa bugawa ba, suna can suna shan ƙura.

Mu koma shari'a. Wane littattafai alƙalan kotunan Musulunci suke dubawa in zasu yanke hukunci?

Na mazhabar Malikiyya ne, kuma yawancinsu duk wanda yayi karatun zaure ya san sunansu. Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, tun ƙarni na 10, da sharhinta Samaruddani. Askari da sharhinsa As'halul Madariki na Abubakar Kashnawi. Mukhtasar na Khalil, wanda malamanmu ke ce wa Lawwali da Sani, da sharhohinsa irinsu Jawahirul Iklili da Sharhul Kabir na Dardir da hashiyar Dasuƙi a kansa, wato sharhi a kan sharhin. Sai Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim mutumin Garnaɗa a Andalus, wadda waƙe ce aka tsara musamman don alƙalai, ita ce ke bayanin waye mai ƙara waye wanda ake ƙara, wa za'a nema wa shaida wa za'a ba rantsuwa, kuma ana karanta ta da sharhi kamar Bahja ko Ihkamul Ahkami. In aka zurfafa sai a koma Mudawwana da Muwaɗɗa. A nan gida kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkami.

Wanda bai saba ba in ya buɗe irin bugun Misira ko Beirut mai rawayar takarda sai kansa ya juya, saboda shafi ɗaya littafi biyu ne ko uku. Maganar Khalil 'yan kalmomi ne a cikin baka, mai sharhi yana warware ta a kewaye, mai hashiya kuma yana yi wa mai sharhin gyara ko ƙari a wani ɓangaren shafin. Ɗalibi sai ya kwafo jimla daga hashiya yace "Khalil yace", alhali tsakanin Khalil da Dasuƙi akwai shekaru sama da 400. Ka tabbatar maganar wa ka ɗauko, kuma ka rubuta maɗaba'a da juzu'i da shafi saboda bugu ya bambanta, shafi na 50 a wannan bugun ba shine na 50 a wancan ba.

Wani abin lura, akwai Maliki Law na F. H. Ruxton, 1916, wanda lauyoyin da basa jin larabci suke son ɗaukowa. Taƙaitawa ce da aka yi daga fassarar faransanci ta Mukhtasar, wato hannu na uku kenan, yana taimakawa ka gane inda mas'ala take amma in magana tayi tsanani asalin ake komawa. In kuma tarihin dawo da shari'ar laifuka ne kake nema, tun daga Zamfara a farkon 2000 har jihohi 12, Philip Ostien ya tattara dokokin da rahotannin kwamitoci a kundin da aka buga a 2007, kuma ana samunsa kyauta a intanet.

Na sayi littafin dokar laifuka amma sassan da ke ciki basu dace da abin da ake karantawa a kotunmu ba, me ya faru?

Da alama na Kudu ka saya. Najeriya tsarin dokar laifuka biyu gare ta, Kudu suna amfani da Criminal Code wanda aka kwaikwayo daga na Queensland a Ostireliya, Arewa kuma Penal Code. Shi Penal Code an zartar da shi a 1959 ya fara aiki a 1960, bayan gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan Muhammad Abu Rannat, aka ɗauko tsarin na Sudan, wanda shima daga na Indiya na 1860 ya samo asali. Shi yasa tsofaffin lauyoyin Arewa zaka ga suna duba sharhin Indiya in wani sashe ya shige musu duhu. Don bayanin sassa ka nemi Notes on the Penal Code Law na S. S. Richardson, da The Law of Crimes in Nigeria na Kharisu Chukkol wanda ya haɗa duka biyun. Sannan ka duba jiharka, wasu sun sake nasu, Kaduna misali tayi sabon Penal Code a 2017 kuma lambobin sassan sun canza.

Tsohon bugu ya fi araha, in saya?

In tarihi ne saya, bugun 1967 bai lalace ba don ya tsufa. In doka ce a'a, sai in tarihin dokar kake nazari. Dokar shaida an sake ta a 2011, dokar kamfanoni ta 1990 an maye gurbinta a 2020, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta zo a 2015 jihohi kuma suka yi nasu, kundin tsarin mulki na 1999 an yi masa gyare-gyare sau da dama. Ko tarin dokokin tarayya na 2004 da ake ce wa LFN, duk abin da aka yi bayan shekarar baya ciki. Mutum zai tsaya yana ta kumfar baki da sashen da aka soke tuntuni. A Nijar da Chadi da Kamaru kuma in maganar dokar kasuwanci ce dokokin OHADA ake dubawa, yarjejeniyar haɗa dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka da aka sa wa hannu a 1993, suma ana sabunta su don haka ka duba shekarar kwafinka.

Meye wannan NWLR da nake gani a bayan sunan shari'a da lambobi barkatai?

Nigerian Weekly Law Reports kenan, marigayi Gani Fawehinmi ya kafa shi a 1985, yana buga hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara. Lambobin adireshi ne, shekara, sai mujalladi, sai lambar kashi, sai shafin da shari'ar ta fara. Abin da zan ja kunnenka a kai shine taƙaitawar da ke farkon kowace shari'a editoci ne suka rubuta ba alƙalai ba, ɗalibai da yawa nan suke tsayawa, ka daure ka karanta babban hukuncin kaga a kan wane irin rikici aka faɗi maganar. Misali shari'ar Alkamawa da Bello ta 1998, kowa yana ɗauko inda Kotun Ƙoli tace shari'ar Musulunci ba dokar gargajiya bace don ba ta wata ƙabila bace, amma kaɗan ne suka san rigimar a kan shuf'a ce, maƙwabci ne yake neman a fifita shi wajen sayen gida, kotu kuma ta bi Malikiyya tace maƙwabtaka kaɗai bata ba da wannan haƙƙin.

Zan iya raba gadon gidanmu da kaina in na karanta babin gado a Risala?

Karanta don ka fahimci abin da ake yi, kar a cuce ka kuma kar ka zargi wanda bai yi laifi ba. Amma rabon ku kai wa malamin da ya san fara'il ko kotu. Kafin a zo kan sumuni da sudusi akwai bashi, akwai wasiyya da bata wuce sulusi, akwai wanda ke katange wani, akwai gardamar ko gonar nan kyauta ce marigayi ya bayar tun yana raye ko aro ne, kuma wannan ta ƙarshen ita ke raba zumunci, littafi bazai saurari shaidu a madadinka ba.

Littattafan zamantakewa da ake ta ambata duk na shekarun 1950 zuwa 1970 ne, suna da sauran amfani?

Sosai ma, in ka san hoton wane lokaci ne. Baba of Karo, 1954, tsohuwa ce da aka haifa tun kafin zuwan Turawa ta zauna ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aure da kishi da ƙawance da bori da harin bayi, irin abubuwan da littattafan sarakuna basa kulawa da su sam. Mijinta M. G. Smith yayi Government in Zazzau a 1960, inda ya warware yadda sarautu suke da wa ke naɗa wa. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da Rural Hausa a 1972, ta bi gida gida ta nuna cewa ƙauye ba talauci iri ɗaya bane, akwai mai rumbun da ke kai shi damina akwai wanda tun kaka ya sayar da hatsinsa ya koma ƙwadago a gonar wani, kuma ta yi dogon bayani a kan gandu da yadda yake watsewa. Abner Cohen yayi a kan Hausawan Sabo a Ibadan, 1969, fataucin shanu da goro da tsarin maigida. Michael Watts yayi Silent Violence a 1983 a kan yunwa. A siyasa akwai Billy Dudley da C. S. Whitaker a kan zamanin NPC da NEPU, da John Paden a kan ɗariƙu da siyasar Kano, 1973.

Kuskuren shine ka rubuta "Hausawa suna yin kaza" da hujjar abin da aka gani a ƙauye ɗaya shekara hamsin da suka wuce. Ce a Batagarawa a ƙarshen shekarun 1960 an ga kaza, sannan ka je ka duba ko yanzu haka ne, wannan kaɗai furojet ne mai kyau.

Alƙaluman yawan jama'a fa, wanne zan yarda da shi?

Ka faɗi wanda ka ɗauka da shekararsa kawai. Ƙidayar Najeriya bata taɓa rabuwa da rigima ba saboda kujeru da kason kuɗi a kanta suke, ta 1962 an soke aka sake a 1963, ta 1973 an soke ta gaba ɗaya, sai 1991, sai 2006 da ta ba da miliyan 140 da 'yan kai. Nijar tayi tata a 2012 ta samu miliyan 17 da wani abu. Yawancin manyan lambobin da kake gani ana yawo da su hasashe ne da aka ɗora a kan waɗannan, to ka rubuta cewa hasashe ne kuma na wace hukuma.

A ina zan same su, kuɗin wasu ya fi ƙarfin ɗalibi?

Laburaren Kashim Ibrahim a ABU Zariya, da Arewa House a Kaduna, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar bincike a 1970, da gidan takardun tarihi na ƙasa shima a Kaduna. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa da Gidan Mambayya da laburaren BUK, a Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Littattafan fiƙihu kuwa Kasuwar Kurmi ta ishe ka. Ka tafi da takardar gabatarwa daga sashenku da katin makaranta, kuma ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka zaro waya. Tsofaffin da haƙƙin mallakarsu ya ƙare irinsu Barth suna Internet Archive, maƙalu kuma ka gwada shafukan intanet na JSTOR da AJOL.

PDF ɗin da ake turawa a WhatsApp ka duba shafin farko da na biyu, in babu sunan maɗaba'a da shekara ko lambobin shafi sun ɓace, bazaka iya kafa hujja da shi ba ko da abin da ke ciki daidai ne.

Wikipedia da manhajojin AI fa?

Don ka san inda zaka dosa, babu laifi. Amma duk sunan littafi ko shari'ar da suka baka sai ka gan shi da idonka kafin ya shiga aikinka, don manhajojin nan suna iya ƙirƙiro littafin da babu shi, da sunan marubuci na gaske da shekara da shafi, tsaf kamar gaske.

Sufabaizana yace kar in sa madogarar da ta wuce shekara goma, ya zanyi da duk waɗannan tsofaffin?

Kar kayi musu da shi a ofis, ka raba masa abin gida biyu a rubuce. Akwai tushe, wato Infaƙu da tarihin Kano da fayilolin Kaduna da Mukhtasar da hukuncin kotu, waɗannan su ake nazari a kansu, ƙa'idar shekara goma bata hau kansu ba. Akwai kuma abin da masana suka faɗa a kan tushen, anan yana da gaskiya, in ka tsaya a 1967 kamar kana cewa babu wanda ya ƙara komai tun lokacin. Dabarar ita ce ka ɗauki sunan tsohon littafin ka sa a Google Scholar ka danna wajen da ke nuna waɗanda suka ambace shi, ka tace zuwa shekarun baya-bayan nan, zaka ga waye ya yarda da shi waye ya soke shi kuma da wace hujja. Sai ka kawo tsohon da sabon a sakin layi ɗaya, kace wane ya faɗi kaza a 1972, wance ta koma yankin daga baya ta samu kaza. Yawancin sufabaizoji in suka ga haka basa ƙara tayar da maganar, in kuma naka ya kafe sai ka roƙe shi ya nuna maka sabon littafin da ya maye gurbin tsohon don ka saka shi.